Baba Japhet da Sojojin da Ba Sa Mutuwa

Da hantsi Baba Japhet yakan share rumfar kallonsa da ke bayan kasuwar Zuru, ya jera bencina, ya goge fuskar talabijin da gefen riga kamar mai share wa jika majina. Sai ya koma kan janareta, ya ja igiya, ya lallashe shi da Hausa, ya zage shi da yarensu na C'lela, sannan ya tashi. In rana ta karkata jama'a suka cika, ya sa kaset, ya rage sauti, ya ɗauki lasifika. Daga nan duk abin da Ba'indiye ko Bature zai faɗa, ta bakin Japhet zai fito.

To, Japhet bai taɓa wuce Kontagora ba, kuma ko sannu bai sani ba da Indiyanci. Fuska yake karantawa. Saurayi ya durƙusa gaban attajiri yana hawaye, sai ka ji Japhet: "Baba ya ce ina gonar da ka nome mini? Ba golmo, ba mata!" Golmo shi ne noman da saurayi ke yi wa suruki shekara da shekaru kafin a ba shi aure. Manoman da suka zo daga garin Mahuta sai su gyaɗa kai, sun ga uba mai hankali.

Kowace ƙasa da hukuncin da ya yanke mata. Indiyawan da, in ji shi, sun iya kuka, in ka kalle su sai ka koma gida ka gaishe da uwarka. Na yanzu kuwa sai rawa a kan dutse da tufafin da ba su isa ba. 'Yan Canis mutanen kirki ne, amma kada ka taɓa malaminsu. Amurkawa kuma ya bar su da tsofaffin sojojin bencin gaba, masu ihu duk lokacin da mutum ɗaya ya gama da bataliya bai ƙara harsashi ba.

Amma abin da ya sa Zuru ba za ta manta da shi ba ya faru ne shekarar da aka kwashi sojojinmu zuwa Darfur. Cikinsu har da Philip, autan Mama Saloma mai ƙosai a bakin rumfar. Ba waya, ba labari. Tsohuwa ta daina ci, hawan jini ya taso mata. Sai ta tsiri shiga kallo duk ranar fim ɗin yaƙi, wai tana son ganin irin aikin da ɗanta ke yi. Ranar farko aka harbi wani soja, Japhet ya ce, "Ya mutu." Mama Saloma ta sulale daga benci, sai da aka yayyafa mata ruwa. 'Yarta Magdalene ta yi ta hana ta zuwa, ba ta hanu ba. Japhet ya ga in ya kore ta zulumi zai kashe ta a gida, in ya bar ta bakinsa zai kashe ta a rumfa.

Tun daga ranar, in dai tana ciki, soja bai sake mutuwa a bakin Japhet ba. An harbi wani a ƙirji: "Ya suma ne, Mama, bai karya kumallo ba." Wani ya faɗo daga jirgi: "Sauri yake, ya bi gajeriyar hanya." Wata rana bam ya tashi da wani, ko takalminsa ba a gani ba. Saje Dawuda, tsohon soja mai bencin gaba, ya miƙe.

"Haba Japhet! Wannan fa?"

"Canjin wurin aiki aka yi mai, Saje. Sakkwato."

"Da bam?"

"Umarnin gaggawa ne. Zauna."

Saje ya waiga ya ga tsohuwa ta ƙura masa ido, hannu dafe da ƙirji. "Gaskiya ne," ya ce. "Mu ma haka aka kai mu Legas."

Wasu samari suka yi fushi suka koma wata rumfa inda ake mutuwa yadda ya kamata. Japhet ko a jikinsa. Mama Saloma dai ta koma cin tuwo.

Da Allah ya dawo da Philip, a rame amma da ƙafafunsa, ya rako uwarsa kallo ranar Lahadi bayan coci. Aka harbi soja. Japhet ya ja dogon numfashi kamar wanda aka sauke wa kaya, ya daka murya: "Wannan kam ya mutu!" Rumfa ta ɗauki tafi da sowa.

Mama Saloma ta buga sanda a ƙasa. "Japhet!"

"Mama, ai naki ya dawo, ga shi nan gefenki."

"Wancan fa? Shi ba shi da uwa? Tada shi."

Philip ya sunkuyar da kai, don shi ya san waɗanda ya baro a can. Japhet ya gyara murya, ya ce a hankali, "Ya suma."

Ƙarshen watan nan Baba Japhet zai rufe rumfa. Kowa ya sayi na'urar faifai a gida, shi ma muryar ta dishe, kuma wallahi abin ya taɓa mu. Gwanin baki, maganin harsashi! Kai ne ka kawo mana Indiya har bayan kasuwa ka sa ta noma. Kai ne ka yarda a kira ka maƙaryaci don wata tsohuwa ta yi barci. Duk mai sana'a ya koya daga gare ka: kafin ka buɗe baki, ɗaga ido ka duba wa ke zaune a benci.

Mun gode, Baba Japhet, Allah ya saka da alheri. In baƙo ya tambaye mu ina rumfarka ta shiga, ka riga ka koya mana amsa. Ta suma.