Mai Shayin da Ke Haɗiye Tari

Ranar an kwana ana ruwa, unguwar Kilomita Biyar duk taɓo. Na je asibitin kuɗi saboda gwiwata, na tarar da wani mutum a kan benci.

Dogo ne, ya rame har riga na lilo a jikinsa, yatsunsa duk tabon ƙuna. Tari na taso masa yana haɗiyewa, jijiyar wuya a miƙe, ido na ruwa.

Likita ya leƙo, ya miƙa masa 'yar roba mai murfi. "Malam, hoton ƙirjinka bai yi mini ba. Da asuba ka tofa kaki a nan, mu auna ko tarin fuka ne."

Wata mata ta ja mayafi ta toshe hanci. "Bawan Allah, ba kai ne mai shayin bakin kasuwa ba? A wurinka maigidana ke karyawa!"

"Kama ce, Hajiya," in ji shi. Ya cusa robar cikin hula, ya mayar kai.

Ni ma na gane shi, amma ban tona shi ba. Allah kaɗai ya san bakin da butar shayinsa ke ciyarwa.

Yanzu teburinsa na kife a bakin kasuwa. An ce yana gida yana shan magani.