Hukuncin Da Na Hana Yaya Awudu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Yaya Awudu, Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fi masa nan. Duk sanda kakar ƙwallon Amurka ta kama, sanyi ya fara leƙo Bronx, unguwarmu a nan Amurka, sai in ji kamar zai turo ƙofar ofishina da kafaɗa, kwanon shinkafa da wake a hannu, yana gardama tun bai gama sallama ba.

Ni dillalin motoci ne. Ina sayensu a gwanjo in tura Kwatano da Lome, wasu kuma in sayar a nan. Ofishina ɗan ɗaki ne a titin Jerome, ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa mai lamba huɗu, in jirgi ya wuce sai kofunan shayi su yi rawa. A nan muke haɗuwa ranar Lahadi bayan azahar mu kalli wasa. Mu uku ne ba ma fashi: ni mutumin Maraɗi, Isuhu mutumin Damagaram mai teburin turare da huluna a Fordham, sai Yaya Awudu na Morris Heights, haifaffen zangon Kumasi wanda kakanninsa Kanawa ne fataken goro. Bakano da Badamagare, kowa ya san abokan wasa ne. Ko babu ƙwallo da sun sami abin cacar baki.

Ga wanda bai san wasan ba, ƙwallo ce da ake riƙewa a hannu a ruga da ita, kowa sanye da hular kwano. Kowace ƙungiya tana da rukuni biyu: masu kai hari, waɗanda aikinsu su tsallaka layin ƙarshe da ƙwallo, da masu tsaron gida, waɗanda aikinsu su hana. Jama'a masu hari suke yi wa tafi. Yaya Awudu ko kallo ba su ishe shi ba. Yakan ce kowane ɗan banza ya iya gudu, namiji shi ne wanda aka rugo kansa bai kauce ba.

A wurin aiki ya koyi wasan. Shekara da shekaru yana jinyar wani tsohon Ba'amurke a gida, yana yi masa wanka yana ba shi magani. Tsohon ɗan Chicago ne, yana da kwali cike da kasa-kasan bidiyo na ƙungiyar garinsu ta tsakiyar shekarun tamanin. Tare suke kallo, tsohon yana tsayar da hoto yana nuna masa yadda masu tsaro ke cunkusuwa a gaba su afka wa mai jefa ƙwallo, jagoran masu hari, kafin ya ɗaga ido. Daga nan Yaya Awudu ya kafe: tun da aka fara wasan ba a yi tsaro irin na waɗannan mutanen ba. Sau ɗaya aka ci su a kakar, yakan ce yana ɗaga yatsa, kuma a wasannin sili-ɗaya-ƙwale ƙungiya biyu suka bari ba ko maki, har da ta garin nan da muke zaune.

Isuhu kuwa a Baltimore ya fara sauka, yana wanke-wanke a gidan abinci, daidai shekarar da ƙungiyar garin ta ɗauki kofi a farkon shekarun dubu biyu. Shi a wurinsa masu tsaron Baltimore na wannan shekara ne ba a taɓa yin irinsu ba. Hujjarsa ɗaya ce, gani ya kori ji. Shi ya ga nasa da ido a lokacin da ake yi, Yaya Awudu kuwa fatalwowi yake kallo a kaset. Yaya Awudu sai ya ce bawa ne ke musu da ubangidansa, in Bakano na magana Badamagare shayi ya kamata ya zuba. Isuhu ya ce Bakanon da bai taɓa ganin Kano ba ai Bakanon kaset ne. In wani baƙo ya sa baki ya ambaci 'yan Pittsburgh na shekarun saba'in, sai su haɗa kai su kore shi, su koma kan junansu.

In sun gaji sai su juyo kaina, wai ni ne dillali, in raba gardama. Ni kuwa sana'ata ta koya mini abu ɗaya: dillalin da ya faɗi abin da ke ransa ya rasa mai saye, ya rasa mai sayarwa. In na tsaya tsakanin mutum biyu, kowa yakan tashi yana jin na fi karkata wajensa. Haka na yi musu shekara goma sha. In Yaya Awudu ya matsa, in ce ai waɗancan zakuna ne. In Isuhu ya ɓata rai, in ce ai waɗannan bango ne. Kowa ya koma gida da farin ciki, Lahadi mai zuwa a ɗora daga inda aka tsaya.

Da ciwo ya kwantar da Yaya Awudu na je duba shi a asibiti wata la'asar. Ya rame, amma bakin yana nan. Ya riƙe hannuna ya ce, "Alhaji, yau babu mai saye babu mai sayarwa. Faɗa mini tsakaninka da Allah, su wa suka fi?" Na yi dariya na ce sai ya fito, hukunci irin wannan ba a yanke shi a bayan idon Isuhu. Ya ce dillali dai ba ya tuba. Bai fito ba. Abin ya daɗe yana damuna, domin mutum ya roƙe ni gaskiya ƙarama, na ba shi dabarar kasuwa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da wasan yau. Yanzu in ka taɓa mai jefa ƙwallo da ɗan ƙarfi sai alƙalin wasa ya wurgo ƙyalle rawaya, alamar ka yi laifi. Na san zai yi tsaki, ya ce saura a shimfiɗa wa mutumin darduma. Amma ban tabbata tsakin zai kai zuci ba. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana ɗaga tsofaffi daga gado ya san abin da jiki ke biya a ƙarshe, kuma na sha ganin ya kau da kai in aka fitar da ɗan wasa a kan gadon ɗaukar majinyata. Abin da zai ɓata masa rai sosai shi ne 'ya'yanmu, kowa da wayarsa a ɗakinsa yana kallo shi kaɗai. A wurinsa wasan da ba a yi gardama a kansa ba tuwo ne babu miya.

To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ga hukuncina, kuma da idon mai motoci na yanke shi. 'Yan Chicago mota ce mai lafiyar inji da lafiyar birki, masu harinsu ma ba kanwar lasa ba ne. 'Yan Baltimore kuwa injinsu ya mutu a hanya, sun yi wasa biyar a jere masu hari ba su tsallaka layi ba, masu tsaro suka tura motar da kafaɗa har gida. Wanda ya kai mataccen inji gida ya fi. Isuhu ne da gaskiya, kuma tuntuni na san haka.

Ban so Isuhu ya fara ganin wannan rubutu nawa a jarida ba, don haka Lahadin da ta wuce na faɗa masa a ofis. Na zaci zai tashi ya yi rawa. Sai ya ajiye butar shayi, ya dube ni kamar na sayar masa da motar da ruwa ya ci. Ya ce, "Yanzu za ka faɗa, da ba ya nan ya rama? Kai Alhaji ba ka san ƙwallo ba." Daga nan ya hau ni. Ya ce tsaro ba turin mota ba ne, tsoro ne, kuma babu waɗanda aka ji tsoronsu kamar 'yan Chicago. Ya kawo maganar wasa ɗaya da aka ci su, har da ɗaga yatsa. Kalma bayan kalma na Yaya Awudu ne, har inda yake jan numfashi.

Yaya Awudu bai bar gida ba, bai bar shago ba. Abin da ya bari shi ne Badamagare guda da ya yi shekara goma sha yana ƙaryata shi, ashe haddace shi yake yi. Mun kai magariba muna kai ruwa rana, ni ina kare Baltimore, Isuhu yana kiran ta ƙungiyar masu wanke-wanke. Da zai fita na tambaye shi ko ya sallama. Ya ce in tanadi hujja, ubangidansa bai gama magana ba.