Tsatsar da Kwamanda Ta Koya Mini

Na sha tsayawa a ƙofar gidajen mutane ina tuna musu cewa daga Allah muke kuma gare Shi za mu koma, in shafa, in koma gareji in ci gaba da aikina. Ranar Talata, tara ga watan Satumba, jim kaɗan bayan la'asar, mutane suka zo ƙofata suna tuna mini. Allah Ya karɓi ran 'yata, wadda duk layinmu ya sani da Kwamanda, tana da shekara ashirin da bakwai, bayan ta yi fama da ciwon sikila tun tana goye.

Kwamanda, ubanki ne ke rubutu, kuma babu wanda ya duba mini. A aji huɗu ni da makaranta muka rabu, ba faɗa ba zagi, kowa ya ga ba zai amfani ɗan'uwansa ba. Ke ce kike karanta mini duk takardar da ta zo gareji. Ba ki taɓa bari yaran aikina su gane ba. Sai ki ce, "Baba, rubutun nan ƙanana ne, kawo in taya ka," ko da rubutun ya kai girman lambar mota.

Aikinki a asibiti haɗa haƙoran roba ne. Maigadin garejinmu ya yi shekara goma ba ya dariya sai ya rufe baki da hannu. Kika lallaɓa shi, kika auna bakinsa, kika yi masa haƙora ba tare da kin bari ya yi godiya mai tsawo ba. Tun daga ranar yake dariya da baki buɗe, har da labaraina, waɗanda uwarki ta daina yi wa dariya tun kafin a haife ki. Ranar da kika rasu shi ne ya fi kowa kuka, da haƙoran naki a bakinsa.

Amma abin da kika fi so shi ne haɗa ƙananan tankokin yaƙi. Ciwo ya hana ki guje-guje da sa'o'inki, sai yayanki ya kawo miki wani kwali kina shekara sha biyar. A ciki gutsattsarin roba ne fiye da ɗari uku, wasu ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Kika zauna a teburin nan na bakin taga da hantsaki da gam da gilashin ƙara girma, kina liƙa sarƙar tanka ɗaya bayan ɗaya. Nakan leƙo in sara miki in ce, "Ranki ya daɗe Kwamanda, yau wace ƙasa za mu ci?" Ki ce, ba tare da kin ɗago ba, "Baba, kana tare mini haske." Daga nan sunan ya bi ki.

Tankar ƙarshe ba don kanki kika fara ta ba. Mahaifina, kakanki, wanda muke ce wa Tsoho, direban tanka ne a wani yaƙi da aka yi kafin a haife ni. Shekara biyu ke nan da tunaninsa ya tafi. Ni ɗansa, "bawan Allah" yake ce mini, wani lokaci ya tambaye ni ko na ga ɗansa a hanya. Ke da yake kira 'Yar Tsirit, wadda ba ya cin abinci sai ya rage miki, ya koma yi miki kallon baƙuwa. Hoto ɗaya ya rage na wancan zamanin, yana tsaye jikin tankarsa, da lamba a gefenta da wata loɓa kusa da ƙofar direba. Kika nemo irinta sak. Kika ce mini, "Shekara uku ya yi a cikin ƙarfen nan. In ya riƙe ta a hannu, ƙila ya dawo mana, ko na awa ɗaya ne." Wata biyar kika yi a kanta.

Yanzu zan faɗi abin da na yi, don mutane su daina cewa ni uba ne mai hankali.

A watan Yuli ciwo ya tashi aka kwantar da ke. Na shiga ɗakinki ɗauko miki caja, idona ya faɗa kan tankar. Tsatsa ta ci gefunanta, fenti ya ɓaɓɓare, baƙin hayaƙi ya ɓata bayanta, ga loɓa a gaba. Shekara talatin da huɗu ina fentin mota, ba na iya ganin tsatsa in wuce. Na ce a raina, yarinya tana kwance, raɓa ta lalata mata aiki, kuma ubanta yana raye. Na kai ta gareji. Na goge ta da tina, ruwan cire fenti, na cike loɓar da fila, ƙullun gyaran jikin mota, na bi da sanfefa, na fesa kore hawa uku, na sa folish. Ta fito tana ƙyalli, har kana ganin fuskarka a jikinta. Na saka ta a kwalin takalmi na nufi asibiti ina tafiyar masu kuɗi.

Da na buɗe kwalin, uwarki ta ɗora hannu a ka.

"Kai wannan mutumi! Da gangan ta yi tsatsar! Wata biyar!"

Kika daɗe kina kallon tankar. Sai kika ce, "Baba, wannan yaƙi za ta je, ko ɗaukar amarya?"

Kika yi ta dariya har nas ta shigo ta gyara miki robar iskar hanci. Na ga hawaye, kika ce na dariya ne. Ni da na ƙare rayuwata ina ɓoye abu a bayan dariya, ba a yi mini wannan dabarar. Na san abin da na goge da tina, kuma na ga hannayenki a kumbure da allurar ruwa, na san ba za su sake riƙe buroshi nan kusa ba. Ba ki ce mini komai ba sai, "To, mai fenti, gobe ka zo da kayan aikina. Kai ka ɓata, kai za ka ɓata ta daidai."

Haka na koma makaranta ina shekara hamsin da takwas, a kan kujerar roba a gefen gadonki. Kika sa na kashe ƙyallin. Kika sa na gasa ƙusa na mayar da loɓar, kina duba hoto kina cewa in matsa hagu. Kika koya mini tsoma guntun soso a fenti ruwan ƙasa, in goge a takarda har ya kusa bushewa, sannan in ɗan taɓa wuraren da takalmin soja ke takawa in zai hau. Kika sa na niƙa alli ya zama ƙura, na goga bakin fensir a kan sarƙa ta yi hasken ƙarfe. Na yayyafa tsatsa ko'ina kamar gishiri, kika ce, "Baba, tsatsa ba ta zama inda ta ga dama, inda ruwa ke kwanciya take zama. Kai da ka tsufa kana kashe ta, ba ka san gidanta ba?" Hannuna ya saba da gyara, sai ya riƙa daidaita abu ba da sanina ba. Ki karɓa, ki juya, ki ce, "Sake. Ya yi kyau da yawa." Tunda nake, ba a taɓa yi mini faɗa don aikina ya yi kyau ba sai a ɗakin nan.

Kwana arba'in da wani abu muka yi a haka. A cikinsu na yi hira da ke fiye da duk shekarun baya, don a da in na shigo wasa nake kawowa in fita. Saura taɓo kaɗai. Ranar Litinin kika ce kin gaji, gobe za ki nuna mini yadda ake yinsa.

Da masu gaisuwa suka ragu, na zauna a teburinki na yi taɓon ni kaɗai, da ƙasar gareji da gam. Na lafta shi a gaba, don a tunanina gaba ne ke fara shiga taɓo.

Juma'ar da ta wuce da safe na kai wa Tsoho. Yana zaune a kujerarsa ta bakin ƙofa. Sau biyu muka gaya masa rasuwarki, sau biyu ya ce Allah Ya jiƙan musulmi, ya tambaya 'yar waye. Na ɗora masa tankar a cinya. Ya daɗe bai taɓa ta ba. Sai ya ɗaga ta, ya juya, ya bi lambar da yatsa, yatsan ya tsaya a kan loɓar.

"Wane sakarai ne ya sa taɓo a nan?" ya ce. "A baya yake taruwa. Sarƙa ce ke watso shi."

Na ce ni ne sakaran.

Ya ɗago ya dube ni, ya kira ni da sunan da shi kaɗai yake kirana da shi. Ya ce, "Dama na sani. Aikinka ke nan." Ya nuna mini inda yake zama, da inda zafi ke gasa masa ƙafa, da yadda aka yi loɓar, labarin da bai taɓa ba mu ba. Ya fi rabin awa yana magana. Uwarki tana tsaye a bayan labule, ta toshe bakinta da mayafi. Sannan ya waiga hagu da dama, ya ce, "Ina 'Yar Tsirit? Ita ta ce za ta yi mini wannan."

Kwamanda, na nemi wasan da zan yi masa a kaina ban samu ba. Na gaya masa gaskiya. Wannan karon bai tambayi 'yar waye ba. Ya rungume tankar, ya ce, "Ai ni ne a kan layi. Me ya sa ta wuce ni?" Ya yi kuka, na yi, kowa ya san wanda yake kuka tare da shi.

Kafin azahar na sake zama bawan Allah. Amma kin ce ko na awa ɗaya, kuma kin samu. Taɓon yana nan a gaba, don Tsoho ya hana kowa taɓa tankar.

Ya Allah, Kai Ka ba mu ita, Ka san ciwon da ta sha ba tare da ta ɗaga murya ba. Ka sa ya zama kankarar zunubi gare ta. Ka yafe mata, Ka haskaka kabarinta, Ka ba ta jikin da ba ya ciwo a gidan Aljanna. Ina yi wa mahaifiyarta ta'aziyya, wadda ta kwana a bencin asibiti fiye da yadda ta kwana a gado, da yayanta, da abokan aikinta da nas-nas ɗin da suka yi haƙuri da ƙurar allinmu, da Tsoho, wanda ya ji zafin na ɗan lokaci Allah Ya sauke masa. Allah Ya ba mu haƙuri, ni ma Ya ba ni, don nawa bai kai ba. In tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.