Man Shanu a Labo

Har gobe ban manta da safiyar Talatar da Mushe Isufu, wato Malam Isufu, mai duba kaki a labo, ɗakin gwaji na asibitinmu na Harobanda, ya fito yana shinshinar roba ba. Lokacin ina sabuwar zuwa daga Maradi, majo, wato shugabanmu, ya ba ni ɓangaren tarin fuka.

Ranar Litinin wani tsoho mai lambu, Baba Hamani, ya zo. Wata biyu yana tari, ga zazzaɓi da zufa, ya rame har wando ba ya zama. Abin da ya fi tada min hankali, ɗaki ɗaya yake kwana da jikarsa ƴar wata takwas, kuma da iska cutar ke yaɗuwa. A ƙa'ida, kafin a fara magani sai an duba kakin ƙirji. Ya yi ta ƙoƙari a gabana, bai fito ba. Na ba shi ƴar roba mai murfi, na ce ya tofa na asuba ya kawo.

Ya kawo kuwa, a nannaɗe cikin tsumma mai tsabta, na miƙa labo. Can sai ga Mushe Isufu.

"Madam Rabi, wannan ba magani yake so ba, tuwo yake so."

Man shanu ne, mai kyau ma! Raina ya ɓaci, na zaci tsohon ya raina ni ne. Shi kuwa ya rantse ya tofa. Majo ya ce in bar faɗa, in je gidan.

Matarsa Inna Fati ta tarbe ni da fara'a.

"Ƴata, ki yafe masa, tsufa ne. Likita ta ba ka mazubi, ka tofa ƙazanta ciki ka mayar mata? Yana alwala na wanke shi da omo. Kuma a gidan nan ba a mayar da kwanon mutane wayam."

Dariya ta zo min, amma ina ganin jinjirar a kan tabarmar tsohon sai ta koma. Na zauna na yi mata bayani tun daga farko. Da ta ji zancen jikarta, ta ɗauke ta daga kan tabarmar. Washegari ita da kanta ta tsaya a kansa har ya tofa.

Aka ga cutar. Wata shida yana haɗiyar ƙwayoyi kowace safiya, kyauta, Inna Fati na tsaye ba fashi. Jinjirar aka duba ta, aka ba ta maganin kariya, ba ta kamu ba.

Ku sababbin ma'aikata, kada ku tsaya kan mai tari kawai. Ku tambayi wa ke wanke-wanke a gidan, ku yi mata bayani, don a hannunta aikinku yake. Ranar da aka sallami Baba Hamani, Inna Fati ta kawo min man shanu kwalba guda, jikar na goye a bayanta tana ta ƙiriniya. Mushe Isufu ya miƙo hannu wai sai an duba a labo. Ban ba shi ba.