Arzika da Tsawa Mai Fiffike

A Gwashi a wancan zamani ba a jiran rediyo ya ce damina ta zo, Baba Arzika ake jira. Gajere ne, kunnuwansa fato-fato kamar faifai, kuma da su yake taƙama. Wai yana jin tsawa tun tana Gummi tana ɗaura zane. Ranar da ya saɓa sungumi ya nufi gona, gari kan bi shi da ƙoren iri a yi binne, wato a shuka gero a busasshiyar ƙasa, ruwan farko ya tarar da shi a kwance. Bai taɓa ba mu kunya ba, shi ya sa kansa ya kumbura har hula ta daina zama.

Shekarar da ta biyo bayan farin 1984, babu abin da ya rage a rumbuna sai iri, shi ma da kyar mata suka hana tukunya cinye shi. Wanda ya rasa nasa ya rasa damina.

Wata rana da hantsi yana kishingiɗe gindin tsamiya, sai wata ƙara ta taso daga gabas, dum, har ƙasa ta amsa. Ya zabura, takalmi ɗaya a ƙafa.

"Ruwa na tahe, jama'a! Ku hiddo iri!"

Matarsa Kulu ta leƙo ta dubi sama. "Malam, ina hadarin? Sama tas take awa an wanke ƙwarya."

"Ke Kulu, ido ƙarya shikai, kunne ka jin ruwa. Ɗauko iri!"

Wayyo, ka ga murna! Mata na guɗa, tsofaffi sun manta da ciwon gwiwa, maza na sara da sungumi, iyali na bi suna zuba iri suna takewa da diddige. Kafin la'asar irin Gwashi kaf ya shige ƙasa.

Ana cikin kakkaɓe ƙore sai ga su: wasu abubuwa biyu masu tsinin baki kamar kibiya, suna walƙiya, suka gifta saman kukoki shiru, ko tari babu. Sai da suka ɓace sannan tsawar ta faɗo mana a ka. Jakai suka tsinke igiya, kaji suka haye danni, Arzika ya yi nutso cikin kunyar gona, gindi a sama. Dodo, tsohon sojan garinmu, shi kaɗai ya ƙame yana sara musu, dariya har da hawaye.

"Jirgin yaƙi na, Baba! Atisaye sukai. Gudu nai ya hi ƙara tai, shi wuce kana ta biyo shi!"

Muka yi dariya har cikinmu ya ƙulle. Daga nan wani ya dubi ƙwaryar da ke hannunsa, wayam, dariyar ta tsaya.

Babu wanda ya gaya wa Arzika baƙar magana, kuma wannan ya fi yi masa ciwo. Ya tare a bakin gonaki da sanda, yana korar zabi da kurciyoyi daga shukar mutane, tasa kuwa ko kallonta bai yi. Kulu ke kai masa fura. Ya rame har kunnuwan suka ƙara girma. Wallahi ya ba ni tausayi.

Ana nan, wata yamma gabas ta yi baƙi ƙirin, tsawa ta yi gurnani. Jama'a suka ruga wurinsa. "Baba, ka jiya?"

"Ban ji komi ba," in ji shi, yana kallon ƙasa.

Sai da ɗigon farko ya fashe a sanƙonsa, ƙamshin ƙasa ya tashi, sannan ya yar da sanda. Da ruwa ya kece, sai ya shiga taɓo yana tsalle, yana kuka yana dariya, yana ihu: "Ban ce maku shina tahe ba?" Geron shekarar ya yi kyau har rumbunsa ya tsage.

Ya ci gaba da riga kowa binne har tsufa. Amma tun daga ranar, in sama ta yi ƙara, ba ya taɓa sungumi sai ya kira matarsa a hankali: "Kulu, leƙa ki gano min. Ta Allah ta, ko mai hiffike?"