Ɗigo ukun Yaya

Jiya rediyo ya yi shiru ana tsakiyar shiri, sai na tuna Yaya, tsohon mai gyaran injunan ƙaramar tasharmu a Birnin Ƙonni. Shi ya rubuta wa ordinatar ɗinmu, wato kwamfuta, umarni da yaren injin da ake kira C. Ka jera masa gaisuwar masu saurare ko nawa ce, zai sake su bi da bi, muddin ka rubuta NULL a ƙarshe, alamar tsayawa. Ni da ban yi nisa a karatun lakwal ba, nakan manta.

Wata ranar kasuwa na manta. Kashin farko na gaisuwa ya ƙare, injin ya ci gaba da neman abin da babu, ya sandare. Masu albasa daga Malbaza suna bakin taga, ba a kai ga sunayensu ba. Na ce, "Injinka ya tsufa kamar kai, Yaya." Har yau ina jin kunyar maganar.

Ya yi dariya, bakinsa ja da goro, hannunsa na warin dalma. "Ƙanena, shi bai san ƙarshe ba sai an hwaɗa mishi, kai kuma ba ka tunawa. Bari in sasanta ku."

Ya rubuta layi guda mai ɗigo uku, ya ce sunansa makro. Kafin injin ya haɗa shirin, makron zai kwashe duk abin da na jera, ya liƙa NULL da kansa. Muka kunna, masu albasa suka yi ta tafi.

Allah Ya rufa masa kurakuransa yadda ya rufa mini nawa, Ya haskaka kabarinsa.