Butar Risikatu a Bakin Ƙofa

Shekara tara ke nan da rasuwar aminiyata Dakta Risikatu, amma sai a watan jiya na ji kamar ta dafa kafaɗata. Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu a Fagge. Iyayenta 'yan kasuwa ne da suka zo daga Badun, ita kuwa a nan aka haife ta, Hausarta ma ta fi tawa gishiri.

A ɗakin jarirai na asibiti take aiki, wajen bakwaini. Abin da ya hana ta sakat shi ne a sallami yaro lafiya lau, ba a jima ba a dawo da shi cibiya ta kumbura, ya ƙi kama nono. Ta shafe shekaru tana bincike a kan wannan. In ta tashi daga duba ƙwayoyin cuta a jinin jarirai, sai ta bi masu jego gida gida, daga Sabon Gari har bayan tashar jirgin ƙasa, tana tambayar me aka shafa a cibiya, su wa suka ɗauki yaro ranar barka. Ta sha gaya mini cewa jikin bakwaini bai gama koyon faɗa ba, kumburin da yake yi don korar cuta ma kan iya kayar da shi. Ɗan hakin da ka raina, in ji ta, shi ke tsone maka ido.

Daga nan ta ɗauko ɗabi'ar da ta janyo mata surutu. Duk gidan haihuwar da ta shiga sai ta ajiye buta da sabulu a bakin ƙofa, in bakwaini ne kuma ta ce a leƙa daga nesa. Mata suka ce tsirfar 'yan boko ce. Ni da kaina na laƙaba mata Sarkin Buta, kuma ta amsa sunan har ta koma ga Mahaliccinta.

To, 'yata Hindatu ta haifi bakwaini a Rijiyar Lemo, 'yar mitsitsiyar yarinya. Ranar da aka sallame su gabana ya faɗi, don na san 'yan barka na tafe. A wurinmu ka hana mace ɗaukar jariri kamar ka kira ta mayya ce. Ga shi gidan surukai ne, kuma uwar mijinta, Hajiya Yalwa, ba a taka ta a zauna lafiya. In na yi magana na ɓata wa 'yata zama, in na yi shiru ina tsoron abin da zai sami jikata.

Na ɗauki buta da sabulu na tsaya a ƙofar ɗakin Hindatu. Sai ga Hajiya Yalwa ta dube ni sama da ƙasa, ta karɓe butar daga hannuna, ta jawo kujera ta zauna daram. Mace ta farko da ta miƙa hannu za ta ɗauki jaririyar, Hajiya ta ce mata, "Baiwar Allah, wanke hannu ki leƙa daga nan. Ba a yawo da bakwaini hannu hannu, haka muka gada."

Haka muka gada. Na koma gefe ina dariya, hawaye na zuba. Hajiya ba ta taɓa jin sunan Risikatu ba, a gidan wata maƙwabciya ta ga ana yi.

Da Risikatu tana raye, na san za ta ce da sauran aiki, don har yau akwai masu shafa man goge baki a cibiya. Amma za ta ji daɗi. Takardun bincikenta ban san inda suke ba, ban ma iya karanta su ba. Abin da na sani, jikata ta yi kumatu, tana tsotson nono kamar mai fushi da shi. Allah Ya jiƙan Sarkin Buta, tsirfarta ta zama gado.